Gargaɗi ga masu tara tsofaffin lambobin yabon soja: akwai mai sassaƙa sunayen mutane a kan lambobin jabu

Ina jan hankalin duk mai sha'awar tara tsofaffin lambobin yabon soja, da kuma duk wanda ke neman sawun kakansa da ya yi aikin soja a yaƙin duniya, cewa akwai wani ɗan damfara da ke yawo a dandalin masu wannan sha'awa a intanet yana tallar lambobi da takardu na jabu. Ba zan ambaci sunan da yake amfani da shi ba, domin a iya sanina ya sauya shi har sau uku, kuma babu mamaki sunan da ya ara na wani bawan Allah ne da bai ji ba bai gani ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne salon aikinsa, kuma shi zan bayyana dalla-dalla, tun da saura ƙiris ni ma in faɗa hannunsa.

Mutumin ba ya fara da talla. Yana zaune ne shiru yana karanta tambayoyin da mutane ke yi, har sai ya ga wanda ya rubuta cikakken sunan kakansa da rundunar da ya yi aiki a cikinta, wani lokaci har da lambarsa ta soja, yana roƙon a taimaka masa da bayani. Bayan mako biyu ko uku sai ya aiko da saƙo a keɓe, cikin ladabi da nuna jimami, ya ce yana tsakiyar tantance kayan wani tsohon mai tara lambobi da ya rasu sai ya ci karo da wannan suna, kuma ya ga bai kamata lambobin su koma hannun bare ba alhali iyalin mai su na raye. Duk bayanin da ya kawo a matsayin hujja, mai neman ne ya ba shi da hannunsa makonni kaɗan da suka wuce, amma murna ba ta barin mutum ya tuna da haka.

Haka ya yi mini. Na daɗe ina bin tarihin wani saje da ya yi yaƙin Bama a runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, ɗaya daga cikin rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, da aka kafa a 1943 aka tura su yankin Arakan. Sai ga hotuna sun iso: lambobi shida a jere a kan baƙin ƙyalle, da tsohon hoton wani soja sanye da hula mai faɗin baki, da wata takarda da ta yi ja-ja kamar ta sha hayaƙi. Na yi kwana biyu ina kallon hotunan nan ina jin daɗi kafin idona ya buɗe.

Abin da ya fara tona asirin shi ne taurari biyu da ke kusa da juna a jerin, wato Tauraron Bama da Tauraron Fasifik. A ƙa'idar da Birtaniya ta shimfiɗa, ba a ba wa soja ɗaya waɗannan taurari biyu tare. Wanda ya cancanci duka biyun ana ba shi wanda ya fara cancanta ne, sannan a maƙala ɗan siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan ɗaya fagen a jikin ƙyallen da ake rataye lambar. Irin wannan ƙa'ida ta shafi Tauraron Atlantika da na ma'aikatan jiragen sama na Turai da kuma Tauraron Faransa da Jamus, waɗanda ɗaya kawai ake sakawa a cikinsu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ma, wanda ya sami Tauraron 1914 ba ya samun na 1914-15. Mai damfara ya ɗauka cewa yawan lambobi shi ke ƙara wa jeri kwarjini, sai ya zuba abin da babu wani ofishin soja da zai taɓa haɗawa.

Daga nan na koma kan lambar jarumtaka da ke farkon jerin, wato Military Medal, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan MM. An ƙirƙiro ta a watan Maris na 1916 domin sojojin da ba hafsoshi ba. Ya ce an ba sajen ne saboda abin da ya yi a faɗan garin Myohaung da ke Arakan a watan Janairun 1945. To amma kan sarkin da ke fuskar lambar mai gemu ne, wato Sarki George na Biyar, wanda ya rasu a 1936. Lambar da aka bayar saboda aikin 1945 kan George na Shida take ɗauke da shi. Da na nemi ya ɗauko mini hoton gefen lambar a kusa, inda ake buga suna, sai ya yi ta jan ƙafa, har daga baya ya aiko da guda ɗaya mai duhu. Ko a hakan ana iya ganin cewa gefen ya fi sauran jikin lambar sheƙi, kuma ya sirance a daidai wurin da sunan yake, alamar an bi shi da magagari an goge sunan asali kafin a sa sabo. Haruffan kuma ba su yi daidai da juna ba, wani ya nutse wani ya tashi, kamar aikin wanda ke buga su ɗaya bayan ɗaya da guduma.

A nan ya kamata mai saye ya san yadda lamarin suna yake, domin a kansa kasuwar gaba ɗaya ta dogara. Lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya duk an buga musu lambar soja da muƙami da suna da runduna tun daga hukuma: a bayan tauraro, ko a gefen lamba mai zagaye. An raba Lambar Yaƙi ta azurfa kimanin miliyan shida da rabi, saboda haka ita kanta lambar ba abu ce mai wuyar samu ba, kuma darajarta tana hawa ne ko sauka gwargwadon wanda sunansa ke jikinta. Faɗinta milimita 36 ne, kuma duk wadda aka kankare gefenta za ta gaza hakan idan aka auna ta ta ɓangarori daban-daban da ma'auni mai kyau. Lambobin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, taurarin da Lambar Tsaro da Lambar Yaƙi, Birtaniya ta raba su ne ba tare da suna ba, ko da yake Ostireliya da Afirka ta Kudu da Indiya sun sa sunaye a nasu. Wannan ya sa tauraro maras suna ba ya tabbatar da komai game da mai shi, kuma tauraron da aka sassaƙa wa suna daga baya bai fi maganar wanda ya sassaƙa shi ƙarfi ba. Gaskiya ne cewa wasu 'yan mazan jiya sun kai lambobinsu an rubuta musu suna da kuɗinsu bayan yaƙi, kuma wannan ba algus ba ne. Sai dai ita ce ƙofar da mai damfara ya fi shiga ta cikinta, domin duk sassaƙar da ya yi jiya yana iya cewa ta 1947 ce.

Hoton sojan da takardar ba su da wani nauyi. Tsofaffin hotunan sojoji marasa suna ana sayar da su tsibi-tsibi, kuma rubuta suna da fensir a bayan ɗaya daga ciki aikin minti guda ne. Takardar kuwa, da na ƙara girman hotonta sai na ga duk haruffa iri ɗaya sun fito sak babu bambanci, alhali tsohon tafireta yana barin wani harafi ya fi wani duhu, yana kuma lotsa takarda. Launin tsufan ma ya taru a gefe-gefe kamar an jiƙa ta an shanya.

Da na ce masa zan duba sunan a cikin kundin hukuma kafin in biya, sai ya kawo uzurin da na ga ya kawo wa wasu: wai takardun sun ƙone, don haka kada in wahalar da kaina. Wannan ƙarya ce da aka gina a kan gaskiya, shi ya sa take kama mutane. Tabbas a watan Satumban 1940 bama-baman Jamus sun faɗa wa ma'ajiyar ofishin yaƙi da ke titin Arnside a Landan, kuma kimanin kashi 60 cikin 100 na fayil-fayil ɗin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun salwanta. Tabbas kuma gobarar 12 ga Yulin 1973 a cibiyar ajiye bayanan ma'aikata da ke St. Louis a Amurka ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Amma wutar 1940 ba za ta ƙona takardar da aka rubuta a 1945 ba, kuma gobarar Amurka ba ta shafi sojan Birtaniya ba. Ko a Yaƙin Duniya na Ɗayan ma, katunan lambobin yabo da rajistocinsu sun tsira, ana iya duba su a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta Birtaniya da ke Kew a Landan ƙarƙashin rukunin WO 372 da WO 329, kuma katin yana nuna ainihin lambobin da sojan ya cancanta. Lambobin jarumtaka ana shelanta su a jaridar gwamnati ta London Gazette, wadda ake bincikawa kyauta a intanet, sannan takardun da kwamandoji suka rubuta suna ba da shawarar a karrama soja tun daga 1935 suna cikin rukunin WO 373. Idan aka ce sojan ya mutu a fagen fama, Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Kwamanwel tana da sunayen mutum kimanin miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙe-yaƙen biyu. Na duba, ban ga sunan sajen nan a cikin waɗanda aka ba lambar jarumtaka ba.

Wajibi ne in faɗi cewa rashin ganin suna a karon farko ba ya nufin komai jabu ne. Magatakardan soja sun sha rubuta sunayen sojojin Afirka da na Indiya ta hanyoyi mabambanta, wani lokaci su haɗa sunan mutum da na garinsu, don haka lambar soja ta fi suna amfani wajen bincike. Mai sayarwa na gaskiya ya san wannan, kuma shi da kansa zai miƙo lambar da shafin da aka buga sanarwar, ya ce a je a duba. Wannan mutum kuwa, da zarar an ambaci bincike sai ya ce akwai wani mai saye da ke jiransa.

Na ga yana tallar kayan Jamus ma, musamman lambar yabon nan mai siffar gicciye, Kuros ɗin Ƙarfe na 1939. Na asali guntu uku ne aka haɗa: baƙar cibiya a tsakiya da firam mai ɓari biyu da aka liƙe, har ana ganin siririn layin haɗin a gefe. Nasa zubi ɗaya ne aka shafa wa fenti, gefunan sun dakushe, jikin kuma yana da ƙananan ramuka irin waɗanda zubi ke bari. Maganaɗisu yana taimakawa, tun da yawancin na asali cibiyarsu ta baƙin ƙarfe ce, amma kada a tsaya a kansa shi kaɗai, domin masu jabu ma sun koyi sa ƙarfe.

Batun kuɗin shi ne mataki na ƙarshe, kuma a nan ne damfarar ta rabu gida biyu. Wasu yana aika musu da kayan jabun, su rataye su a bango suna alfahari. Wasu kuwa ba ya aika musu da komai, domin hotunan ma kwaso su ya yi daga tsofaffin kundayen gidajen gwanjo. Wanda ya sa hoton a manhajar binciken hotuna yakan tarar an sayar da waɗannan lambobi shekaru da suka wuce da wani suna dabam. A kowane hali yana neman kafin alƙalami don a ajiye kayan, yana nacewa a biya ta hanyar da ba a iya mayar da kuɗi, irin tura kuɗi kamar ana tura wa aboki ko katin kyauta ko kuɗin kirifto, kuma yana ƙin bayar da rasit mai bayyana kayan da alƙawarin karɓarsu idan suka zama jabu. Wanda ya biya sau ɗaya sai a biyo shi da kuɗin inshora, da na kwastan, da na wani mai bincike da zai samo cikakken fayil ɗin sojan, wanda shi ma mutumin ne da wani suna.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin da mutane ke asara ba ne. Idan lambar nan da aka kankare ta asali ce, to akwai wani soja da ya yi abin da ya sa kwamandansa ya zauna ya rubuta sunansa, kuma wannan suna ya tafi ƙarƙashin magagari, babu mai iya dawo da shi. Jikokinsa suna iya yin shekaru suna nema alhali lambar tana hannun wani da sunan da ba nata ba. Su kuma iyalan da aka sayar wa labarin ƙarya za su riƙa gaya wa 'ya'yansu jarumtakar da ba a yi ba, su bar neman wadda aka yi da gaske, wadda mai yiwuwa tana nan a rubuce a littafin yau da kullum na bataliyar kakan nasu.

Wanda ya riga ya rubuta sunan kakansa da lambarsa a fili, ya sa ran irin wannan saƙo. Idan ya zo, a nemi hoton lambobin gaba da baya da gefe, a kan takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar da wata kalma da mai saye ya zaɓa. A nemi faɗi da nauyin kowace lamba. A tambaye shi wani abu game da sojan wanda ba a taɓa rubutawa a fili ba, kamar ranar da aka sallame shi. Ni da na nemi hoton da kwanan wata, bai ƙara amsa mini ba, kuma washegari shafin ya ɓace. Wanda ya riga ya biya ya adana saƙonnin da shaidar biyan, ya kai ƙara ga bankinsa da masu kula da dandalin da kuma hukumar da ke yaƙi da zamba a ƙasarsa tun kuɗin bai yi nisa ba. Jerin lambobi shidan nan, da taurarinsu biyu da ba sa haɗuwa, na sake ganinsa a makon jiya a kan baƙin ƙyallen nan dai, an ce na wani kofur ne na runduna ta 81.