Harsasan gwaji na A-Zoom: me suke iya nunawa a tsohuwar Marlin 336 mai cijewa?

Tsohuwar bindiga mai liba (hannun ƙarfen da ake ja ƙasa a mayar don ɗura harsashi) idan ta fara cijewa wajen ɗauko harsashi, yawancin masu ita sai su ruga sayen sabon maɗauki, wato ƙarfen da ke ɗaga harsashi zuwa inda za a harba shi, tun ba su gano inda ciwon yake ba. Harsasan gwaji na A-Zoom su ne abin da ya kamata a fara saye. Alminiyum ne da aka sassaƙa daidai girman harsashin gaske, babu albarushi a ciki, an kuma yi musu launi mai duhu don kada a rikita su da masu rai. Da su ake juya liba sau ɗari a kan tebur ba tare da fargaba ba. Gwada matsalar ɗauko harsashi da harsashi mai rai ganganci ne.

A kan Marlin 336, wadda ta fito a 1948, amfaninsu a fili yake. A tabbatar bindigar babu komai a cikinta, a fitar da harsasan gaske daga ɗakin, sannan a ɗura na gwajin ta ƙofar gefe a ja liba a hankali ana kallon ciki. Idan na farko ya kwanta a kan maɗauki amma gindin na biyu ya leƙo daga bututun ajiyar harsasai ya tokare komai, wannan ita ce cijewar da aka san Marlin da ita, musamman wani samfurinta da ake kira 1894. Gefen liba mai ɗaga maɗauki yana da kaifi, shekara da shekaru yana cin ƙasan maɗaukin har ya yi masa tsagi. Da tsagin ya yi zurfi, maɗauki ba ya tashi da wuri ya tare na biyu. Ganinsa ba wuya: a buɗe liba rabi, a kwance sukurunta, a zare ta, sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle bayansa, ta fito ta baya. A kula da ɗan ƙarfen da ke cilla kwanso, domin yakan faɗo ya ɓace. Sabon maɗauki yana magance abin, amma sai an ɗan dakushe kaifin libar da lallausar samfefa an shafa giris, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙare. Kaifin kaɗai za a taɓa. Wanda ya ci ƙarfen da yawa ya ɓata lokacin tashin maɗauki.

Sau da yawa ma abin bai kai nan ba. Ƙaramin sukurun da ke riƙe ƙofar ɗuri yakan saki, ƙofar ta karkata ciki ta tare hanya. Ɗaure shi kawai ya isa, da sukudireba mai bakin da ya cika tsagin sukurun daidai, don na kasuwa mai tsini yana ɓata kan tsofaffin sukurori. Idan kuwa na farko da na biyu suna fitowa lafiya amma na ƙarshe yana nawa, a duba sifirin bututun ajiya: ko ya gaji, ko tsatsa da busasshen mai sun riƙe maturin harsasai da ke bakin sifirin. A riƙe murfin bututun da kyau lokacin kwancewa, sifirin a matse yake.

A nan ne raunin A-Zoom ya bayyana. Bututun ajiyar 336 mai bakin bindiga mai tsawon inci 20 yana ɗaukar harsashi 6 irin na .30-30, kuma matsin sifiri a cike ya bambanta da matsinsa a kan na ƙarshe. Guda biyu ba za su nuna wannan ba, sai an tanadi shida. Ba su kuma da nauyin tagulla da dalma, don haka sifirin da ya raunana zai iya tura su cikin sauƙi alhali yana kasa tura na gaske. Ƙugiyar sakata mai zaro kwanso ma tana cin bakin gindinsu a hankali. Wanda gindinsa ya fara ɓarewa a ajiye shi, kada ya riƙa nuna matsalar da babu ita. A goge ɓarɓashin alminiyum daga cikin bindiga bayan gwaji.

Wani abu da ba za su nuna ba shi ne laifin harsashin da ake amfani da shi. Tsawon .30-30 bai kamata ya wuce inci 2.550 ba, kuma bututun ajiya yana son harsashi mai faɗin baki ko zagayayye, saboda kan kowanne yana zaune a gindin na gabansa. Idan na gwaji suna wucewa sumul amma na gaske suna cijewa, a auna tsawonsu kafin a sake taɓa ƙarfe. Tsagewa a jikin sakata ko sakata mai girgiza bayan an rufe liba kuwa aikin ƙwararren mai gyaran bindiga ne, kuma kada a harba ta sai ya duba.