Gyara ko fomatin: Ubuntu ya tsaya a rabin hanya

Wani ƙanenmu da ke karatu a Ƙauran Namoda ya turo tambaya jiya da daddare. Laftof ɗinsa HP ce ta hannu, Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows) na zaune a faifai ɗaya. Ya sa Ubuntu 22.04 ya hau zuwa 24.04, an gama sauke kaya an fara shigar da su, sai aka ɗauke wuta, batirin kuwa dama ba ya riƙe minti goma. Yanzu in ya kunna, jerin GRUB, wato allon farko da ke ba ka zaɓi tsakanin Windows da Ubuntu, na fitowa, Windows na buɗewa lafiya lau, amma in ya zaɓi Ubuntu sai baƙin allo da ɗan layi yana ƙiftawa a kusurwa. Furojet ɗinsa na can ciki. Mai gyara a Gusau ya ce masa a yi fomatin kawai a huta. Shi ne yake tambaya, wanne ya fi?

To ƙanena, kwantar da hankalinka tukuna. Tunda GRUB na fitowa kuma Windows na tashi, faifanka bai mutu ba, ƙofar shiga ma kalau take. Ubuntu ne aka katse wa hanzari yana tsakiyar canza kaya, rabi sabo rabi tsoho. Da rubutun grub rescue kake gani, da wani zancen ne. Da kuma kai tsaye take wucewa Windows ba tare da ta tambaye ka ba, wannan sau tari jerin tashi ne kawai ya sauya, F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo kan nuna maka Ubuntu na nan daram. Naka ciwon ya fi waɗannan ɗaukar lokaci, amma yana da magani.

Kowace hanya za ka bi, akwai abu biyu da ba a tsallakewa. Na farko, ka samo filashi mai aƙalla 8GB da aka ɗora wa Ubuntu, ka tashi kwamfutar daga kansa, ka zaɓi gwaji ba shigarwa ba, ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri. Kada ka nemi yin wannan daga cikin Windows, shi ba ya karanta ext4, tsarin da Ubuntu ke ajiye fayiloli da shi a ɓangarensa na faifai, kuma in ya taɓa yi maka tayin ya yi wa ɓangaren fomatin, ce masa a'a. Sannan ka lura, ba duk aikinka ne ke cikin Home, foldar fayilolinka, ba. In da XAMPP kake furojet, yana /opt/lampp. In MySQL ka saka kai tsaye, rumbun bayananka na /var/lib/mysql. Na ga ɗalibin da ya kwashe Home tsaf yana murna, aka goge sauran, sai da ya zo buɗe aikin ya tarar da fuska babu ciki. Abu na biyu BitLocker, makullin da Windows ke rufe faifai da shi. Tun Windows na buɗewa, duba ko a kunne yake, in a kunne yake ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda. Taɓa saitin tsaron tashin kwamfuta da ake kira Secure Boot kaɗai na iya sa ya nemi wannan lambar, kuma a kwamfutar da aka saya ta hannu tana iya kasancewa a asusun mai ita na farko, wanda ba ka san ko a wace ƙasa yake ba.

Yanzu mu ajiye gyara da fomatin gefe da gefe.

Gyara ya fi arha a data, nesa ba kusa ba. Dalili shi ne do-release-upgrade, manhajar da ke hawar da Ubuntu zuwa sabo, sai ya gama sauke kayan kaf kafin ya fara shigarwa. Tunda a matakin shigarwa wutar ta tafi, abin da ka riga ka ƙona wa data yana nan jibge a /var/cache/apt/archives yana jiran a ƙarasa. Fomatin kuwa, ban da fayil ɗin Ubuntu na kan filashin nan (na 24.04 kimanin 6GB ne, sai dai in wani ya ba ka), sai ka sake sauke duk manhajojin da ka tara tun shigarka makaranta.

Yadda ake gyaran: a baƙin allon nan danna Ctrl da Alt da F3 tare. Sau da yawa za ka ga an nemi sunanka da kalmar sirri, alamar cewa Ubuntu na raye, fuskarsa ce kawai ba ta tashi ba. In bai amsa ba, koma GRUB, shiga Advanced options, zaɓi tsohon kanel (zuciyar Ubuntu) mai recovery mode, sannan root, inda za ka rubuta umarni. Haɗa wayarka da kebul ka kunna mata raba intanet, ya fi kokawa da wayafai a wannan halin. Sai ka rubuta sudo dpkg --configure -a, umarnin da ke ƙarasa shigar da kayan da aka katse, ka bar shi ya yi ta zuba rubutu. Zai iya tsayawa ya tambaye ka ko a bar tsohon saitin wani fayil, in ba ka tabbata ba ka bar wanda ya zaɓa. Daga nan sudo apt --fix-broken install, sai sudo apt update, sai sudo apt full-upgrade, a ƙarshe sudo update-grub. Wani lokaci sai ka maimaita umarni na farko da na biyu sau biyu ko uku, domin kowanne na buɗe wa ɗan'uwansa hanya. In ya yi ƙorafin wuri ya cika, df -h zai nuna maka, tsofaffin bidiyon Downloads su fara tafiya.

Aibin gyara shi ne ba ya da alkawari. Yana iya ƙarewa kafin a kira la'asar, yana iya kai ka tsakar dare kana karanta kuskuren da ba ka gane ba. Ya fi taurin kai a kwamfutar da aka cika da manhajoji daga rumbunan waje, waɗanda ake kira PPA, ko mai katin hoto na Nvidia. Kuma ko ya tashi, wani lokaci sai ka riƙa tsintar ƙananan matsaloli daga baya.

Nan ne fomatin ya fi shi. Ka san farkonsa, ka san ƙarshensa, kuma abin da za ka samu tsaf ne. Amma kalmar nan fomatin ita ce tarkon. Abin da yawancin masu gyara ke nufi da ita shi ne a share faifan baki ɗaya a ɗora Windows sabo, don shi suka saba yi kullum, kuma ba laifinsu ba ne, ba kowa ke kawo musu Linux ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido: Windows ɗin da ba abin da ya same shi ya tafi, furojet ya bi shi. Abin da ya dace da kai shi ne sake shigar da Ubuntu a ɓangarensa kaɗai. A wurin shigarwa kada hannunka ya je kan Erase disk. Zaɓi Manual installation, nemo ɓangaren ext4, ba shi alamar /, shi kaɗai za a share. Ɗan ƙaramin ɓangaren FAT32 na EFI kuwa a haɗa shi da /boot/efi ba tare da an share ba, domin ta nan Windows ma ke tashi. Na NTFS, waɗanda na Windows ne, ko kallonsu kada ka yi. In ka gama Windows ya ɓace daga jerin GRUB, bai tafi ko'ina ba: saka layin GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false a /etc/default/grub ka sake update-grub.

Da tawa ce, gyara zan ba yamma guda. In dpkg ya ƙarasa, shi ke nan, na ci ribar datata. In bayan zagaye uku kuskure ɗaya yake ta maimaitawa, ba zan yi ta dambe da shi ba alhali ranar miƙa furojet na matsowa, sai in sake shigarwa. A nan ma ba dole sai 24.04 ba, 22.04 na samun tallafi har 2027, kana iya komawa kansa ka gama karatunka a inda manhajojinka suka saba.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka fara shi da wannan batirin a wutar gari. Je shagon caji mai sola, ko gidan da ke da inbata, ka biya ka zauna kusa da soket. Ka gwada Ctrl, Alt da F3 ɗin yau, ka ɗauko mana hoton abin da allon ya rubuta, musamman layuka biyar na ƙarshe bayan dpkg.