Ya san aikinsa, amma a bayan aiki sai ka neme shi ka rasa

Shagonmu na zane da buga takardu yana wajen Mabera a Sakkwato, kuma duk kwamfutocinmu a saba ɗaya suke ajiye aiki, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin kowa. Tun bayan ƙaramar salla abin ya rikice. Ka danna fayil ɗin CorelDraw, manhajar da muke zane da ita, ya yi ta juyi, kwastoma na tsaye a kanka yana jiran katin ɗaurin aure. Mai gyaran da muka saba da shi ya ce sabar ce ta tsufa, a sayo sabuwa. Har an fara lissafin kuɗi.

Wani maƙwabci ne ya haɗa mu da wani matashi mai gyaran kwamfuta. Wallahi ya burge ni. Ko sabar bai kwance ba. Ya kwafi babban fayil ɗaya zuwa wata kwamfuta, ya ga gudun ya tsaya a wajen megabait 11 a daƙiƙa, sai ya ce: “Alhaji, sabarku lafiyarta ƙalau, hanya ce ta ƙuntata.” Ya nuna mini a allo: layin da ya haɗa sabar da kwamfutocin a kan gudun 100 yake tafiya maimakon 1000. Ya bi kebul ɗin da hannu har bayan kabad, ashe ƙofar ƙarfe ta daɗe tana matse shi, bawon ya tsage. Ya ce silin waya takwas ne a ciki, gudun 1000 sai duka takwas ɗin sun yi aiki. In ɗaya ya tsinke, sau da yawa na'ura ba ta yanke layin, sai ta sauko 100 shiru. Ya ja sabon kebul nau'in Cat6, ya kaɗe ƙurar da ta cika suwic ɗin, wato akwatin da kebul-kebul ɗin ke haɗuwa, fayil ya koma buɗewa nan take. Kuɗin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba.

To, amma fa raina ya ɓaci daga baya. Ya sauya wa sabar adireshin IP, wato lambar da sauran na'urori ke nemanta da ita, bai faɗa wa kowa ba, sikana kuwa tsohon adireshin ta sani. Da safe muka tashi ba ta tura komai cikin folda, ga takardun 'yan makaranta jibge. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, ya gani bai amsa ba. Sai bayan la'asar ya bugo, ya karanto mini lambobin ta waya, ko haƙuri bai bayar ba.

Zan sake kiransa, don na ga hannunsa. Amma ba zai bar shagon ba sai ya rubuta duk abin da ya taɓa a takarda, an kuma gwada firinta da sikana a gabansa.