Abin da na gani a tsarin IB bayan 'yata ta gama

'Yata ta gama Diploma ta IB, shekara biyu cur, kuma tun ranar da sakamako ya fito iyaye ke ta tambayata wai ya abin yake, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

IB dai, wato International Baccalaureate, ƙungiyar ilimi ce da aka kafa a Janeba ta ƙasar Suwizalan a 1968, Diplomar kuma ta yara ce 'yan shekara 16 zuwa 19, ana yin ta a shekaru biyun ƙarshe kafin jami'a. Yaro zai ɗauki darasi shida: harshe da adabi, wani harshen na biyu, fannin zamantakewa irin su tarihi ko tattalin arziki, kimiyya, lissafi, sai fasaha wadda za a iya musanya ta da wata kimiyyar. Uku a babban mataki da suke kira HL, awa 240 kowanne, uku a ƙaramin mataki, SL, awa 150. Kowane darasi maki 1 zuwa 7 ne, shida sau bakwai 42, sai maki 3 na ƙari, jimla 45. Ƙasa da 24 babu Diploma.

Wallahi abin da ya fi burge ni ba darussan nan shida ba ne, wannan maki ukun ne da mutane ke rainawa. Abu biyu ne ke kawo su. Akwai dogon rubutu na bincike, kalma 4,000, yaro shi zai zaɓi tambayarsa da kansa malami yana duba shi kawai. Ita a kan gishirin ruwan rijiya ta yi nata a kimiyyar sinadarai, ta yi wata da watanni tana gwaji tana sakewa, wata rana har da kuka don sakamakon ya ƙi fitowa yadda take zato, malamin ya ce mata ki rubuta abin da kika gani da dalilin da kike jin ya sa, shi ne bincike. Ni sai da na kai aji huɗu a jami'a na san wannan. Sannan akwai TOK, darasin da ake tambayar yara ta yaya muka san abin da muka ce mun sani. Da farko na ɗan tsorata kar ya taɓa mata aƙida, gaskiya, amma da na zauna na karanta rubutunta sai na ga tarbiyyar hujja ce, har ta kawo misalin yadda malaman hadisi ke tantance isnadi. Sai CAS, ƙirƙira da motsa jiki da hidimar jama'a na wata 18, ba maki amma in ba ka yi ba babu takarda.

Nauyi kam akwai shi. Kowane darasi yana da aikin da malaman makarantar ke ba wa maki, wanda ake haɗawa da makin jarrabawa, kuma a shekara ta biyu duk sai su taru wuri ɗaya, ga neman jami'a, ga jarrabawar watan Mayu na tahowa, akwai lokacin da barcin awa biyar ma gagararta yake. Kuɗi kuma kada a yaudari kai, makarantun da ke yin sa masu tsada ne.

Inda na ji haushi shi ne zaɓen darussa. Makarantarsu ba ta zaunar da mu da kyau ba tun farko, ƙawarta mai son likitanci ta ɗauki kimiyyar sinadarai a SL, sai daga baya ta gano jami'o'in Ingila da take hari HL suke nema, lokacin an yi nisa ba halin canzawa. Lissafin ma kashi biyu ne, AA mai zurfafawa a ƙa'idojin lissafi da AI mai karkata ga amfani da shi a aikace, mai son injiniyanci ya tambaya da kyau kafin ya zaɓa. In kuma gida Najeriya yaro zai dawo karatu, a tabbatar yana da kiredit biyar ɗin nan na WAEC ko NECO ko makamancinsu a hannu. Ƙanenta na shiga badi in sha Allah, amma wannan karon sai mun duba sharuɗɗan jami'o'in tukuna kafin ya cike fom.