Lig ɗin kaka guda ko wasan farashin mako-mako: amsa ga ƙanenmu

Ƙanena, na ga tambayarka ta daren jiya kan fantasin ƙwallon Amurka, wato wasan da kake haɗa tawaga da 'yan wasa na gaske kana samun maki daga abin da suka yi a fili, ko ka shiga lig ɗin kaka guda ko kuwa wasan nan da ake sa wa 'yan wasa sabon farashi duk mako. Shiga lig ɗin kaka guda. Duka biyun na taɓa su da hannuna a nan Amurka. Ɗaya har yau ina cikinsa, ɗayan kuwa wata uku na yi na wanke hannuna.

Tunda kai ɗan FPL ne, wato fantasin Firimiyar Ingila, ka fara cire lissafin can daga kanka. A can ana ba ka fam miliyan 100, farashi yana hawa da sauka da 0.1, kuma mutum miliyan nawa ne ma za su iya riƙe Haaland a lokaci guda. A lig ɗin kaka guda na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ɗan wasa ɗaya ubangida ɗaya ne. Mu goma sha biyu ne a namu. A ƙarshen Agusta muke zama mu yi diraf, kowa ya zaɓi nasa bi da bi, kuma wanda ka ɗauka naka ne har sai ka sake shi ko ka yi musaya da shi. Babu wanda ya rubuta farashi a goshinsa. Darajarsa ita ce abin da sauran mutum goma sha ɗayan za su yarda su ba ka a kansa, kuma wannan darajar kowace Lahadi sai ta motsa. Idan ta hau, a hannunka ta hau.

A watan Satumba na 2023 na gane daɗin abin. Cooper Kupp, babban mai cafkar ƙwallo na ƙungiyar Los Angeles Rams, ya ji ciwo a tsokar bayan cinya, aka ce ba zai buga wasanni huɗun farko ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani yaro, Puka Nacua, wanda sai a zagaye na biyar na diraf ɗin NFL kanta Rams suka ɗauke shi daga jami'ar BYU, babu ko mutum ɗaya a lig ɗinmu da ya kula shi ranar diraf. Wasan farko da Seattle, Matthew Stafford, mai jefa ƙwallo na Rams, ya jefa masa sau 15, ya cafke 10, ya yi yadi 119. A tsarin PPR da muke bi, kowace cafka maki ɗaya ce, kowane yadi goma maki ɗaya, ka ga ya tashi da kusan maki 22 ba tare da ya ci tacdawun (kai ƙwallo cikin yankin ci a ƙarshen fili) ko ɗaya ba. Wannan "ba tare da" shi ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya tara maki haka ba da sa'ar tacdawun ba, aiki ake ba shi.

Muna da kuɗin tayi na wasa, dala 100 ga kowa na dukan kaka, wanda suke kira FAAB. Ba kuɗin gaske ba ne, lamba ce kawai a manhaja. 'Yan wasan da ba su da ubangida ana kulle su daga wasan Lahadi, kowa ya rubuta tayinsa a ɓoye, sai daren Talata wayewar Laraba manhaja ta buɗe ta ba wanda ya fi tayi. A daren nan ina wurin aiki, lokacin hutun cin abinci, na rubuta 18, na goge, na rubuta 25, na sake gogewa, a ƙarshe na bar shi a 31 na jefa wayar a aljihu. Da na tashi sallar asuba, kafin ma in kunna fitila na duba, sai ga sunan yaron a cikin tawagata. Wanda ya biyo ni a tayi 28 ya sa. Ranar Lahadin da ta biyo baya, da San Francisco, jifa 20 aka yi masa, ya cafke 15, yadi 147. Kafin a tashi daga wasan saƙonni uku sun shigo mini, kowa yana neman musaya. Wani har da ɗan wasan da ya ɗauka a zagaye na uku ya miƙo mini.

Na ƙi. Kowa yana cewa da zarar Kupp ya dawo an gama da yaron, in sayar tun kasuwa tana ci. Kupp ya dawo a mako na biyar, wasan Philadelphia, kuma a ranar ma Nacua ya ci tacdawun. Ya ƙare kakar da cafka 105 da yadi 1,486, ya karya tarihin sababbin 'yan wasa a duka biyun. Mako bayan mako darajarsa tana hawa, ni kuwa ban ƙara ko kwabo a kan 31 ɗin nan ba. Har yanzu idan na ga lamba 17 ta Rams a tsofaffin hotuna sai in ji kamar ɗan gidanmu ne.

Wasan farashin mako-mako, wanda suke kira DFS, ba zan ce ba shi da tsari ba. Kamfanin DraftKings suna ba ka dala 50,000 na lissafi ka cike gurbi tara, FanDuel kuma 60,000, kowane ɗan wasa da farashinsa, idan mako ya ƙare tawagar ta watse ka sake sabon lale. Abin da ya fi shi ne rauni ba ya bin ka zuwa mako na gaba. Shi ke nan abin da zan yaba. Irin su Nacua ka same su da araha sau ɗaya, sati na zagayowa an ƙara musu kuɗi, ganin da ka yi tun kowa bai gani ba ya tashi a banza. Ga shi kuɗin shiga gasa na gaske ne, kamfani yana cire kasonsa kafin a raba, kuma a manyan gasanni mutum ɗaya yana iya shigar da tawaga har 150 wadda kwamfuta ta tsara masa, kai kana gefe da ɗaya tilo. Ni a wani dandali na sa kuɗina, a wata uku na ga albashin kusan mako guda ya zurare kaɗan-kaɗan, kuma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba, don duk sunan da aka ba shi, ka sa kuɗi ne kana fatan kwashe na wasu. Mu mun san sunan wannan a gida, caca. Na yi nadamarsa, kuma ba na so ka bi ta inda na bi.

To ka shiga lig, sai kuma sanin wace hawa ce ta gaske, wacce ce ƙyal-ƙyal banza. Ranar Litinin kada ka fara da duba maki. Duba sau nawa aka jefa wa mutum ƙwallo, sau nawa aka danƙa masa ya yi gudu da ita, kashi nawa na wasan yana cikin fili, kuma wa ake ba idan an zo dab da layin ci. Yawancin wannan kyauta yake a manhajojin fantasi irin su Sleeper da ESPN da Yahoo. Tacdawun maki shida ce, ita ke kumbura lissafi, kuma ita ce ta fi kowane abu saurin gudu. A makon farko na 2019 Sammy Watkins na Kansas City ya yi yadi 198 da tacdawun uku a kan Jacksonville. Kowa ya haukace a kansa. Daga ranar har aka gama wasannin kakar na yau da kullum, kafin zagayen kifa-ɗaya-ƙwala, bai sake cin ko ɗaya ba. Wanda ya sayar da shi a makon nan shi ya ci kasuwa.

Rauni kuwa shi ne babban mai juya farashi, musamman ga masu gudu da ƙwallo, don su suka fi shan karo. Nick Chubb na Cleveland ya ji mummunan ciwo a gwiwa a mako na biyu na 2023, wasan daren Litinin da Pittsburgh, washegari babu sunan da ake tayi sai Jerome Ford da ke bayansa. A wannan kakar dai Rams suka sallama Cam Akers zuwa Minnesota, Kyren Williams ya gaji aikin, ya yi gudun yadi 1,144 a wasa 12 kacal. De'Von Achane ya yi yadi 203 da tacdawun huɗu ranar da Miami ta lallasa Denver 70 da 20, mutane suka zazzage kuɗin tayinsu a kansa, ya ƙara wasa biyu masu kyau, sai gwiwa ta zaunar da shi makonni. Shi ya sa ba na son a ƙarar da FAAB a watan farko. Kaka mako 18 ce, kowace ƙungiya wasa 17 da makon hutu ɗaya, kuma a Nuwamba ma bango yana tsagewa. Ka rage abin da za ka yi tayi da shi a lokacin.

Akwai wanda ya shafe ka kai da ke gida, wato agogo. Wasannin farko na Lahadi ƙarfe shida na yamma suke farawa a agogon Najeriya da Nijar, daga farkon Nuwamba kuma su koma bakwai idan an canza agogo a nan. Na daren Litinin sai wajen ƙarfe ɗaya da kwata na dare. Minti 90 kafin a take wasa ake fitar da sunayen waɗanda ba za su buga ba. A makon farko na 2024, Christian McCaffrey, mai gudu da ƙwallo na San Francisco, wanda kusan ko'ina shi aka fara ɗauka a diraf, sai a wannan minti 90 ɗin aka ji ba zai buga da Jets ba saboda ciwon agara. A Kano sha biyu saura kwata ke nan na dare. Wanda ya yi barci ya tashi da sifili a gurbinsa mafi tsada. Wanda ya ajiye mataimakinsa Jordan Mason a benci kuma idonsa biyu, ya sa shi, Mason ya yi gudu sau 28, yadi 147. McCaffrey wasa huɗu kawai ya buga a kakar. Don haka idan babban mai gudunka yana da alamar tambaya a rahoton rauni na Juma'a, ka riƙe mataimakinsa, ka kuma sa wayarka ta tashe ka.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, don na ga sun fara shigowa ƙungiyoyinmu na WhatsApp da Telegram. Akwai masu tallar "tawagar tabbas" da "jadawalin sirri na darajar 'yan wasa", ka biya kuɗin wata su turo maka. Hoton makon da suka ci kawai suke nunawa, na makonnin da suka faɗi an goge. Na taɓa biyan irin wannan na wata ɗaya, abin da aka turo mini jadawali ne da ke kyauta a intanet, an sauya masa launi, kuma na makon jiya ne, har da ɗan wasan da ya riga ya ji ciwo yana saman layi. Mafi muni su ne masu cewa ka turo kuɗi su buɗe maka asusun DFS da sunan wani a Amurka. Waɗannan dandali suna duba inda kake da shaidarka, ko a cikin Amurka ma ba kowace jiha aka yarda a sa kuɗi ba. Ko da an ci, kuɗin a asusun wani yake, ba ka da bakin magana. Cinikin biri a sama ke nan.

A cikin lig ma ka buɗe ido. Duk wanda ya turo maka musaya mai daɗi fiye da kima, yana kuma matsa maka ka amsa yanzu-yanzu, ka rubuta sunan ɗan wasan ka duba labarinsa na awa ɗaya da ta wuce kafin ka taɓa komai. Sau da yawa shi ya riga ka jin an fita da mutumin daga atisaye yana ɗingishi. Haka kuma mai ba ka 'yan wasa uku matsakaita a kan gwaninka ɗaya, lissafin maki yana nuna kamar ka ci riba, alhali gurbinka ba zai ɗauke su duka ba, biyu benci za su zauna.

Ka nemi lig na mutum goma ko sha biyu wanda ba a sa kuɗi, tsarin PPR, kuma ka tabbatar da FAAB suke amfani, ba layin bi da bi ba, don a layi sau ɗaya ka ɗauki mutum ka koma ƙarshe. Mu Sleeper muke amfani da ita, kuma ba ta da nauyi a waya. Mutum ɗaya a cikinmu ya ce bana ba zai samu lokaci ba, gurbinsa yana nan. In kana so, yi mini magana ta gefe kafin ƙarshen Agusta in sa sunanka.