Albasar Anloga: na je har gonar na saya, ga abin da na gani

Jama'a tunda an dame ni da tambaya kan ƙaramar albasar nan ta Anloga, wani gari a bakin tekun Gana, da ake ɗaurewa dami-dami, wai tana da kyau ne ko asarar kuɗi ce, to bari yau in faɗi nawa in huta. Ni dai sana'ata albasa ce tun muna kasuwar Agbogbloshie a Ankara, babban birnin Gana, har aka kwashe mu zuwa kasuwar Adjen Kotoku a 2021, kuma ta Galmi ta ƙasar Nijar na sani, ita na tashi na ga mahaifina yana saukewa daga tirela, sai ko ta Bawku ta arewacin Gana in ta samu. Ita wannan 'yar mitsitsiyar wallahi da ko kallonta ba na yi, gani nake albasar masu ƙaramin ƙarfi ce wadda ta ƙi girma.

Abin da ya kai ni shi ne rufe bodar Nijar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, motoci suka maƙale a hanya kaya na ruɓewa, buhu ya yi tashin da mu kanmu masu sayarwa kunyar faɗin kuɗin muke ji. Yayata kuma waakye take sayarwa, wato shinkafa da wake, kullum sai ta yi shito, soyayyen yajin nan mai mai da ake ci da shi, ranar ta kira ni ta ce, kai yanzu da kai da babu duk ɗaya, ƙanena na sayar da albasa amma ni ina yawon neman albasa? Na ce Yaya yi haƙuri, zan je in dubo miki ta Anloga da kaina. Daga nan fa na fara zuwa, yanzu na je ya kai sau biyar.

Hanyar ba wuya, ka bi ta Tema ka haye gadar Sogakope, in ka kai mahaɗar Dabala ka yi dama, daga nan sai fadama da ciyawa da ruwa kwance hagu da dama har ka fito bakin teku. To a nan ne na sha mamaki, don ni a tunanina zan ga fili ne shimfiɗe irin na Tawa ko Maraɗi inda ido ke gajiya bai ga ƙarshen gona ba, ashe ƙasar tasu wani siririn zirin yashi ne kawai, in ka doshi Keta teku na damanka, babban tafkin Keta na hagunka, shi ne tafkin ruwan gishiri mafi girma a Gana, kuma garuruwan duka a jere suke kan titi ɗaya kamar carbi, Anloga, Woe, Tegbi, har Keta. A cikin wannan ɗan zirin ne gidaje suke, da makarantu, da maƙabarta, da itatuwan kwakwa, da wurin shanya kifi, sannan gonar albasa. Babu tafin hannu ɗaya na ƙasa da aka bari a banza, bayan ɗakin mutum ma fangali ne.

Wani dattijo da na saba saya a wajensa, Efo nake ce masa yadda suke kiran manya maza da yarensu na Ewe, shi kuma Alhaji yake ce min ko da yake ban je ba tukuna, Allah Ya kira mu, shi ya zagaya da ni. Na duƙa na damƙi ƙasar na saki, zubewa ta yi ta tsakanin yatsuna, yashi ne tsantsa irin wanda a wajenmu ko gero sai ya yi maka yanga. Na ce Efo me ke ciyar da albasa a nan? Sai ya nuna min tulin buhuna a gindin kwakwa, kashin kaji da na shanu, saye suke ana kawo musu daga wasu wurare, ya ce iyayensu har kashin jemage da ƙananan kifi suke zubawa. Wato ƙasar ba ta da komai, mutum ne ke gina mata ƙarfi duk shuka, kuma wannan kuɗin takin yana cikin kuɗin damin da kake ciniki kana cewa an tsuga maka.

Maganar ruwa kuwa ita ta fi tsaya min a rai. Ga teku ga tafki duk gishiri, ruwan sama ma yankin ba ya samu sosai kamar cikin dajin Gana, amma ka haƙa rami kaɗan a tsakiyar gona sai ga ruwan daɗi, na ɗiba da hannu na kurɓa don in tabbatar. Ruwan saman da yashi ya shanye ne yake zama a bisa, na gishiri ya fi shi nauyi yana ƙasa, to in aka zuƙe na saman da yawa sai zartsi ya biyo, shuka ta ƙone. Da can da bokiti suke ban ruwa, mutum ya gangara rijiya ya cika biyu ya fito ya watsa ya koma, safe da rana, har yanzu akwai masu yi kuma in ka ga kafaɗunsu ka san aiki ne, amma da yawa sun kafa bututu da inji da abin feshi mai juyawa. Aiki ya yi sauƙi, sai dai kowa na zuƙa daga tukunya ɗaya, na ce masa wannan ai irin rigimar da 'yan lambu ke yi a wajenmu ce in ruwan fadama ya ja baya, ya yi dariya.

Kuma ba iri suke yafawa su yi dashe kamar na Galmi ba, ƙwayar albasar kanta suke binnewa ta tsiro ta haifi 'ya'ya a gindi ɗaya, wajen wata biyu an cire, shi ya sa suke zagayowa har sau uku a shekara, tsakani kuma su sa kuɓewa, tattasai, tumatir ko masara a fangalin. Amma kaga tunda irin shi ne albasar, dole manomi ya ware wani kaso ya rataye bai sayar ba. Duk wanda ya gane wannan ba zai ƙara tambayar me ya sa ba a cika tirela da ita ba.

To mu zo kan tukunya, tunda ita ce alƙali. Na kawo wa Yaya dami huɗu, 'yan matan da ke mata aiki suka kusa tsine min, don ɓare ta azaba ce, abin da za ka yanka Galmi uku ka gama sai ka zauna kana ɓare ƙwaya talatin, farce na zafi ido na ruwa. Amma da ta shiga mai, kai! ƙamshin har gidan maƙwabta, ba ta da ruwa da yawa saboda haka nan da nan take soyuwa ta yi ja ba ta jiƙa man ba, kuma shiton da aka yi da ita ya fi daɗewa bai canza ba. Yaya da ba ta yabon abu ta ɗanɗana ta yi shiru, can ta ce, gobe ma ka koma. A miyar kuɓewa da jalof ma kaɗan za ka sa ta isa. Inda ta faɗi warwas shi ne wajen masu tsire da balangu, na ba wani abokina mai nama ya gwada ya dawo min da ita, ya ce shi albasar da zai yanka fala-fala ya watsa kan nama ta cika takarda yake so, wannan ko mai saye bai ganinta. Gaskiyarsa ne.

Ajiya kuma in ta bushe da kyau ka rataye ta da lawashinta inda iska ke shiga, tana daɗewa fiye da yadda na zata, in dai ba ka tura ta cikin leda ba.

Yanzu abin da ya ɓata min rai. Zuwana na biyu na yi gaggawa ban je gona ba, na tsaya a bakin hanya wajen wata mata, damin ya yi kyau daga waje jajur da shi, na ce Daavi, yadda suke kiran mata, nawa ne, muka daidaita na loda. Bayan kwana huɗu na ji wari a shago, da na kwance sai ga tsakiyar duk ɗanya ce ba ta sha rana ba, ga yashi jiƙaƙƙe maƙale a saiwa yana ƙara nauyi, kusan kashi ɗaya cikin uku na zubar. Mu ma 'yan albasa mun san wannan wasan na sa manya a bakin buhu, ba zan yi kamar waliyyi ba, amma an yi min kuma ya yi zafi. Saboda haka in za ka saya ka zura yatsa cikin damin, wuyan ya zama ya bushe ƙayau yana ƙara, ka sansana, ka girgiza yashin ya zube kafin a yi maganar kuɗi. Kasuwarsu kuma juyawa take ba ranar mako ɗaya take ci ba, ka tambaya kafin ka taso, sannan kar ka je Asabar ɗin farko ta Nuwamba da niyyar ciniki, ranar bikinsu na Hogbetsotso ne, ko wurin ajiye mota ba za ka samu ba.

Wani abu da mai son dogara da ita ya kamata ya sani, teku na cin ƙasar nan. Ka ƙarasa Keta ka ga tsohuwar ganuwar Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, ruwa ya cinye ɓangare guda, ƙauyen Fuveme kuwa kusan ya tafi gaba ɗaya. Tun da aka datse kogin Volta a Akosombo a 1965 yashin da kogin ke kawowa gaɓa ya ragu, an zuba manyan duwatsu a wajen Keta sun taimaka, amma a Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta sake haurowa ta shiga gidajen mutane a yankin, kuma fangalin da ruwan gishiri ya kwanta a kai sai ya ɗau lokaci kafin ya dawo. In haka ta faru kuɗin dami tashi yake ba sallama.

In maki ake so, a ɗanɗano na ba ta 9 cikin 10, a sauƙin ɓarewa 3, a matsayin abin da zai maye gurbin Galmi a shagona kuwa ko 2 ban ba ta ba, duk zirin yashin nan in aka haɗa ba zai riƙe Ankara ba. Tirelolinmu sun dawo na koma kan sana'ata, amma ina rataye dami goma-goma a gefe don masu shito da matan da suka san ta, kuma Yaya ta riga ta kafa min doka, ranar da zan kawo mata sai in zo da yarana biyu su taya ɓarewa.