Aljihu ko aƙida: me ya raba matasan Birtaniya da 'yan ra'ayin riƙau?

A zaɓen Birtaniya na 2024 jam'iyyar Conservative, ta 'yan ra'ayin riƙau, ta tashi da kujeru 121 kacal, kuma a cikin matasa 'yan ƙasa da shekara 25 da suka kaɗa ƙuri'a, da ƙyar ta samu ɗaya cikin goma. Bayani biyu ake kawowa.

Masu cewa matsalar aljihu ce suna nuni da gida. A 1980 gwamnatin Conservative ta Margaret Thatcher ta bai wa masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayensu da rangwame, wanda ya mallaki gida kuwa yana da abin da zai so a tsare masa. Yau farashin gida a Ingila ya kai kusan ninki takwas na albashin shekara. Ka ɗauki ɗan shekara 28 a Landan: ɗaki guda yake haya, kicin da banɗaki na tarayya ne, ga bashin jami'a ana zare masa daga albashi duk wata, tunda kuɗin makaranta ya haura zuwa fam 9,000 a shekara a 2012. Me za a ce masa ya riƙe?

Masu cewa aƙida ce suna kafa hujja da ƙuri'ar raba gardama ta 2016, inda kusan bakwai cikin goma na matasa suka zaɓi zama a Tarayyar Turai, jam'iyyar kuma ta fitar da ƙasar. Sai batun sauyin yanayi da na baƙi.

Ni dai na fi karkata ga na farko, don a Jamus fushin matasa da dama AfD ya kai su, jam'iyyar da ta yi ƙaurin suna wajen tsaurara wa baƙi; da aƙida ce ke raba matasa da ra'ayin riƙau, da ba su nufi can ba.